Sunana ne a katin, ƙanena ne ke shan maganin

Gwaggo, don Allah ki taimake ni, kuma ki taimake ni da wuri, domin abin da ke gabana ba zai jira mako biyu ba. Yau Alhamis nake rubuto miki. Maganin da ya rage wa ƙanena na kwana shida ne, ranar Laraba zai sha na ƙarshe. Ni na jawo asibiti ya tsayar masa da maganin, shi kuwa bai ma sani ba. Ban taɓa rubuta wa jarida komai ba, hannuna ya fi sabawa da ƙarfe, saboda haka in kin ga ina kewaye-kewaye ki yi haƙuri da ni. Kada ki sa sunana. Dama sunan ne ya jefa ni cikin wannan hali.

Ni mai walda ne. Ina aiki da wani kamfani da ke shimfiɗa manyan bututun ruwa daga gari zuwa gari, a ƙasar da ba tamu ba. Ba mu da mazauni. In muka gama kilomita ashirin ko talatin, sai a ɗora kwantenonin da muke kwana a ciki a kan tirela, a kai su gaba, mu bi su. Wata biyu a nan, wata ɗaya da rabi a can. Shekarata huɗu a haka. Ina da takardar izinin zama da katin shaida mai hotona. Kamfanin ne ya yi mini, kuma duk ranar da aikin ya bar hannuna, takardar ma ta mutu.

Ƙanena, Auta muke ce masa duk da ya haura talatin, da mata da 'ya'ya biyu a gida, ya biyo ni bara bayan gona ta ƙi. Shi ba shi da takarda ko guda. Ni na roƙi fomanmu, mai kula da ma'aikata, ya sa shi cikin masu haƙa, waɗanda ba a rubuta sunansu a ofis. Foman ya yarda, amma ya gindaya mini sharaɗi: kada ya taɓa jin wata magana ta taso ta dalilin Auta. Ranar da zai taho, Innarmu ta kira ni a waya. Ba ta ja zance ba, ta ce ga amana nan ta ba ni.

Kusan wata shida ke nan Auta ya fara tari. Muka ce ƙurar rami ce. Ya rame har wandonsa sai ya ɗaure da igiya, da yamma jikinsa ya yi zafi, da safe tabarmarsa sharkaf da gumi. Ranar da na ga jini a ƙyallen da yake goge baki, na ajiye aiki na kai shi wani ƙaramin asibiti kusa da sansaninmu. Mai rubuta suna a taga ya ce a kawo katin shaida. Na ga Auta ya waiwaya yana kallon ƙofa, na san saura kaɗan ya gudu. Sai kawai na zaro nawa na tura ta tagar. Wallahi Gwaggo ban tsara ba, hannuna ne ya riga kaina. Kama muke sosai, goshin Baba da hancinsa duk mun kwaso, mutumin ma bai ɗaga kai ya dube mu ba. Ya kwafe sunana da lambar wayata, ya ce mu zauna a benci.

Gwaji ya nuna tarin fuka ne, tibi. Aka ce wata shida zai yi yana shan magani kullum, ba fashi ko na kwana ɗaya, in ya yanke a tsakiya ciwon na iya dawowa da ƙarfin da wannan maganin ba zai iya masa ba. Aka ɗora shi a sikeli, kilo arba'in da tara. Aka ce ƙwaya uku kowace safiya, gwargwadon nauyinsa. Aka ba shi katin asibiti, da sunana raɗau a sama. Sun ce duk wanda ke kwana ɗaki ɗaya da shi ya zo a gwada shi. Ban je ba. Da wane suna zan je, tunda nawa yana hannun Auta?

Da aka tashe mu daga can, komai ya tafi daidai. Nas ɗin wurin ya rubuta mana takardar canjin asibiti, ya ba mu maganin hanya. Asibiti na biyu ɗaki ɗaya ne da baranda, suka karɓi takardar ba tambaya. Auta ke zuwa da kansa, in an kira sunana sai ya ɗan yi jim kafin ya amsa, har ma'aikatan suna tsokanarsa wai ciwon ya taɓa masa kunne. Gwajinsa na wata biyu ya fito fes. Ya kai kilo hamsin da uku, ya koma haƙa, ya koma cinye abincina in na juya baya. Na ce to, Allah ya rufa asiri, mun tsallake.

Makonni biyar da suka wuce aka kawo mu inda muke yanzu, gefen wani babban gari. Asibitin nan daban yake. Akwai kwamfuta, kuma sai an haɗa fuskar mutum da hoton katinsa kafin a buɗe masa fayil. Ga kuma shingen jami'an tsaro a hanyar shiga garin, suna sauke mutane suna duba takardu. Auta ya ce ko za a yanka shi ba zai bi ta nan ba. Maganin hanya ya kusa ƙarewa. Sai na ɗauki katin asibitin da takardar canjin na tafi da kaina, a matsayin ni ne mara lafiyar. Ai sunana ne, hotona ne, wa zai musa?

Nas ɗin sashen tibi wata dattijuwa ce mai tabarau, irin mutanen da ba sa barin komai ya wuce. Ta ce in hau sikeli. Kilo sittin da takwas. Ta dubi katin, ta dube ni, ta sake duban katin. Sai ta yi dariya ta ce sikelin ƙauye ai sai a hankali, ta taɓa ganin wanda ke rage wa mutum kilo goma. Ta ce ta daɗe ba ta ga wanda magani ya karɓa irina ba. Ta mayar da ƙwayoyin huɗu a rana saboda nauyina, ta zubo ruwa a kofi, ta ce in haɗiye na ranar a gabanta. Na haɗiye. Da yamma na ga fitsarina ya yi ja, na kusa kurma ihu, Auta ya yi ta dariya har da riƙe ciki, wai aikin maganin ne, maraba da shigowa ƙungiya. Sau biyu na karɓo na mako bibbiyu, sau biyu na haɗiye a gabanta. A ɗaki kuwa uku nake ba Auta kamar yadda ya saba, rarar ina tarawa a gwangwani cikin akwatin kayan aikina. Wannan rarar ce yake sha yanzu.

Makon jiya ta ce lokacin gwajin wata biyar ya yi. Ta miƙo mini ɗan kofin roba, in yi kaki a ciki. Na ce bari in tafi da shi in kawo da safe, nufina Auta ya yi. Ta ce ina! Mutane na kawo mata miyau, wasu ma ruwa. Ta haɗa ni da mai shara ya raka ni bayan gini, ya tsaya daga nesa yana kallona. Na ce a raina, me zai faru? Ni lafiyata ƙalau, nawa zai fito fes, a rubuta, a ba mu na watan ƙarshe. Gaskiya na kai wata guda ina ɗan tari, amma wane mai walda ne ba ya tari? Hayaƙi muke shaƙa daga safe zuwa yamma. Na yi, na rufe, na miƙa, har da yi wa mai sharan barkwanci.

Shekaranjiya Talata ta kira ni ta ce in zo yanzu-yanzu. Ina shiga ta ba ni takunkumi, ta zaunar da ni bakin taga. Ta ce ƙwayar cutar tana nan. Ta ce mutumin da ya yi wata biyar yana shan magani aka kuma samu cutar a kakinsa, to maganin ya gaza, suna tsoron ko irin tibin nan ne da ba ya jin magani. Ta ce an tura samfurin babban asibiti, kada in ƙara shan ko ƙwaya ɗaya daga wannan, kuma in dawo da abin da ya rage. Na ce babu saura. Ta tambaye ni ko na taɓa fashi, na rantse ba a taɓa ba, wannan kaɗai ce gaskiyar da na faɗa mata. Abin da ya fi ci mini rai, sai ta cire tabarau ta ce laifinta ne, ta bari ƙibata ta ruɗe ta. Ta ce ranar Litinin mota za ta zo ta kai ni babban asibitin, watakila a kwantar da ni, kuma maganin can ya fi wannan ƙarfi da tsawo.

Na fito na kama hanyar sansani. Sai da na wuce shingen nan sannan kaina ya warware mini abin gida biyu. An rufe wa Auta magani saura wata guda ya gama. Kuma cutar da aka gani a kofin nan daga ƙirjina ta fito.

Mu shida ke kwana a kwantena ɗaya, gado bisa gado. Taga ɗaya ce, mun toshe ta da kwali saboda hayaƙin janareta. Auta na ƙasa, ina samansa. Kowace safiya in na ba shi ƙwayoyinsa uku, sai ya ɗauki allin da nake zana ƙarfe da shi ya ja layi a bango kusa da kansa. Yau da safe ya ƙirga ya ce mini saura kwana talatin da uku, in ya gama zai je gida 'ya'yansa su gan shi da kumatu. Na ce Allah ya kai mu. Na kasa haɗa ido da shi.

Mutum ɗaya na gaya wa, direban tirelarmu, don shi ya girme mu kuma bakinsa na da nauyi. Shawararsa ita ce in kashe waya, in ƙi zuwa Litinin. Asabar ta sama za a sake tashinmu, tafiyar yini guda. Ya ce in mun isa, Auta ya je wani ƙaramin asibiti a matsayin sabon mara lafiya a fara masa daga farko, ko mu nemi ƙwayoyin a kemis mu ƙarasa watan, ni kuma in nemi nawa daga baya in ƙura ta lafa. Na kuma yi tunanin in je Litinin ɗin in karɓi mai ƙarfin, mu raba da Auta. Ba zan ɓoye miki ba, jiya na buɗe gwangwanin na daɗe ina kallon ƙwayoyin, zuciyata na cewa in rage masa ɗaya kullum in sha. Na rufe na mayar, amma na ji kunyar kaina.

In na faɗi gaskiya, ina tsoron a kira jami'ai a tasa ƙeyar Auta a tsakiyar magani, ni kuma a ce na yi ƙarya da katin shaida. In foman ya ji, mu biyun mun tashi daga aiki, takardata ta bi ruwa, gida uku ne za su kwana da yunwa, nawa da na Auta da na Inna. In na yi shiru, Laraba gwangwani zai zama fanko. Nas ɗin nan kullum sai ta kira ni ta ji ya na kwana, yau sau biyu ina kallon wayar tana ƙara har ta tsinke. Gwaggo, kaina ya kulle. Me zan ce mata? Me zan ce wa Auta? Ina tsoro, kuma ban san wane tsoron zan bi ba.

Naki,
Mai walda, yayan Auta

*

Ɗana mai walda,

Na ture wasiƙu bakwai gefe na sa taka a gaba, domin kwanakinka ƙirgaggu ne. Yau Asabar kake karanta wannan, saura wa Auta na kwana huɗu bayan na yau. Saboda haka ka zauna ka saurare ni, ba zan yi maka kwana-kwana ba.

Ba zan zage ka a kan katin da ka tura ta taga ba. Ƙaninka na tofar da jini yana kallon ƙofa, ka yi abin da ya hana shi gudu. Da ba ka yi ba, watakila da yanzu wata wasiƙar kake rubuto mini. Tsoron da kuke ji ma na gaske ne, duk wanda ya taɓa zama a ƙasar wasu ya san yadda gaba ke faɗuwa in an hango shinge. Amma dabarar da ta cece shi a wata na farko ita ce ke neman kashe shi a wata na biyar, kai ma ta hana ka gwaji tun lokacin da ya kamata. Ta gama amfaninta. Ka sake ta.

Ni ba likita ba ce, don haka na kira wata ƙawata da ta yi shekara ashirin da wani abu a sashen tibi kafin ta yi ritaya. Na karanta mata labarinka ba suna. Ko mamaki ba ta yi ba. Ta ce ƙane ya shiga da katin yayansa, mata da katin 'yar'uwarta, ta ga wannan ya fi a ƙirga, musamman a cikin ma'aikatan da ake yawo da su. Ta ce abin da ma'aikacin tibi ke nema shi ne mai tari, ya same shi, ya riƙe shi har ya gama magani. Sirrin mara lafiya amana ce a aikinsu, kuma a wurare da yawa akwai yadda ake buɗe wa mutum fayil ko ba shi da takarda. Ban san dokar inda kake ba, ba zan rantse maka cewa babu abin da zai biyo baya ba. Abin da zan iya ce maka shi ne, matar da ta cire tabarau ta ɗora wa kanta laifin da ba nata ba, take kiranka kullum ta ji ya ka kwana, ba ta yi mini kama da mai neman wanda za ta miƙa wa jami'ai ba.

Shawarar direba kuwa, ya ci gaba da tuƙin tirelarsa lafiya. In ka kashe waya, fayil ɗin zai nuna wani mai sunanka da ake zargin tibinsa ba ya jin magani ya ɓace da shi cikin jama'a. Irin wannan nemansa ake yi, kuma ofishin kamfaninku ne wuri na farko da za a tambaya. Abin da kake gudun foman ya ji, zai ji shi ta hanya mafi muni. Auta kuma a ce ya fara daga farko, ya zubar da wata biyar a banza, sannan da katin wa? Maganin kemis ba ka san asalinsa ba, ba ka san adadinsa ba, ba mai gwada shi ya ce ya warke. Raba mai ƙarfin nan ya fi duka haɗari: magani ne mai wahalar da jiki da aka tanada don wani ciwo da watakila babu mai shi a cikinku. Gwangwanin nan ma ka cire idonka daga kansa. In ka rage masa ɗaya, shi bai sha daidai ba, kai ba ka sha daidai ba, kun koya wa cutar yadda za ta raina maganin, kun haifar da abin da nas ɗin ke tsoro da hannunku. Kai ka fi ni sanin bututu: kilomita talatin na walda mai kyau, gaɓa ɗaya a sake, ruwa ba zai isa gari ba.

Yau ɗin nan ka gaya wa Auta. Ka ja shi waje inda iska ke kaɗawa, ka faɗa masa duka. Zai tsorata, watakila ya yi fushi, ƙyale shi. Magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ƙirjinsa ne, sirrinsa ne kuma za ka buɗe, ba ka da ikon buɗewa a bayan idonsa. Ya ci gaba da shan ukunsa kowace safiya har a gan shi. Kwalin nan kuma ka yaye shi daga taga tun yanzu, ka sa takunkumin da aka ba ka in kana cikin ɗaki.

Sannan in wayar ta yi ƙara, ka ɗauka. In ba ta kira ba, kai ka kira, kada ka jira motar Litinin. Ka ce mata akwai maganar da kake so ta tsaya tsakaninku, sa'an nan ka faɗa mata a taƙaice: ku biyu ne, wanda ya sha maganin wata biyar daban, wanda ya yi kaki a kofi daban. Za ta yi faɗa, ka cancanci faɗan, ka sunkuyar da kai ka sha. Ka gaya mata batun shingen, ka tambaye ta yadda za ta ga Auta. Ƙawata ta ce sashen tibi kan samu masu bin marasa lafiya har inda suke kwana, wani lokaci kuma a haɗu a wani ƙaramin asibiti da ke wajen gari. Kada ka rage mata komai: sau biyun da ka haɗiyi ƙwayoyi a gabanta, da ukun da Auta ke sha, da tsawon lokacin da ka yi kana tari. Ma'aikatan asibitoci biyun baya sun san fuskar Auta da nauyinsa, kira ɗaya zai tabbatar mata.

In gaskiya ta fito, abin da ake sa rai shi ne Auta ya yi nasa gwajin na wata biyar, in ya fito fes ya ƙarasa layukansa a bango. Kai kuma a buɗe maka naka fayil a matsayinka na sabon mara lafiya. Samfurin da aka tura babban asibiti bai ɓata ba, naka ne, shi zai nuna maganin da ya dace da kai. Ka ga abin da ake shirin kai ka a kwantar da kai dominsa, mai yiwuwa babu shi sam.

Saura batun tashi ranar Asabar ta sama, kuma a nan ne nake so ka buɗe kunne, domin a bakin hanya irinku ke zubar da magani. Kada ɗayanku ya hau tirela sai da takardar canjin asibiti a aljihunsa, kowa da tasa, da sunansa na gaskiya. Ku roƙi nas ɗin ta kira asibitin da za ku tun kuna gabanta, ta ba ku sunan wanda zai karɓe ku da lambarsa, da maganin da zai kai ku har ku zauna. Ku ɗauki hoton katin da takardar a waya, ku tura wa juna. In ta ce kai ka dakata mako biyu kafin ka koma ɗakin mutum shida, ka dakata.

Foman kuwa, ba sai ka karanta masa tarihin kati ba. Ka kai masa takardar asibiti da ke cewa kai ba ka da lafiya, kana kan magani, kuma abokan kwananku huɗu na bukatar gwaji. Wannan haƙƙinsu ne, su ma suna da iyaye da ke jiran su. Zai iya yin haƙuri, gwanin walda mai shekara huɗu ba a tsintar sa a hanya. Zai iya kuma sallamarka, ba zan ɓoye maka ba. Amma in ka ɓoye ciwon, nan da wata uku ba za ka iya ɗaga ƙarfe ba, aikin ya tafi duk da haka, ya bar ka da huhun da ya lalace. In aiki ne, mai lafiya ya nemi wani.

Ka ambata mini amanar Inna. Ɗana, Inna 'ya'ya biyu ta tura ƙasar nan. Na san ba ta faɗa ba, don kai babba ne, amma ranar da za ta tsaya a ƙofa tana leƙen hanya, mutum biyu take son gani.

Ranar da kuka tsaya gaban dattijuwar nan, in bakinka ya yi nauyi, ba sai ka yi dogon bayani ba. Ka ce Auta ya hau sikeli. In ta ga hamsin da 'yan kai, za ta san sikelin ƙauye bai yi ƙarya ba. Ka bar shi ya faɗi sunansa da bakinsa, karo na farko cikin wata biyar. In ya sauka, kai ma ka hau, a rubuta naka.

Allah ya ba ku lafiya ku biyun, ya sanyaya zuciyar nas ɗin, ya mayar da ku gaban Inna da ƙafafunku.

Gwaggonka